Alhaji Abubakar Imam, Gwanin Haɗa Tauraro da Abokin Karawarsa

Duk wanda ya zauna ajin Hausa ya san Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Amma da yawa daga cikinmu mun fi sanin Malam Zurƙe da aku bisa ga mutumin da ya ƙago su. Saboda haka na ga ya kyautu in kawo tarihinsa a taƙaice, in kuma nuna wata dabara tasa wadda ta sa labarunsa ba su tsufa.

An haifi Abubakar Imam a Kagara cikin shekarar 1911. Garin nan yanzu yana cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne, don haka da karatun Alƙur'ani ya buɗe ido. Daga baya ya shiga makarantar boko, har ya kai Kwalejin Katsina a 1927. Da ya gama a 1932 sai aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

A 1933 wani Bature mai kula da ofishin fassara a Zariya, Dokta Rupert East, ya shirya gasar rubuta labarun Hausa. Malam Abubakar, yana saurayi ɗan shekara 22, ya aika da Ruwan Bagaja. Wansa kuwa, Malam Bello Kagara, ya aika da Ganɗoki. Duka biyu suka shiga cikin waɗanda aka zaɓa aka buga. Abin sha'awa, tauraron wan jarumi ne mai takobi, na ƙanen kuwa ba shi da makami sai baki da wayo.

To, a nan ne dabarar take. Masu nazarin adabi sun lura cewa marubuci yakan ajiye wani mutum kusa da tauraron labari don halin tauraron ya fito fili, kamar yadda farar riga ta fi haske in an shanya ta kusa da baƙa. Ba dole ne mutumin nan ya zama mugu ba. Aikinsa dai shi ne ya zama ma'auni.

A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke Liman daga kunyar da aka ba shi a fada. Da shi kaɗai ya yi ta tafiya, da labarin ya yi lami. Sai marubucin ya haɗa shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Ku tuna inda Alhaji ya mai da kansa babban malami cikin jahilai, Zurƙe ya zo ya ƙure shi. Alhaji ya zana wata alama a ƙasa, Zurƙe ya karanta ta a matsayin harafi, Alhaji ya nuna wa mutane ai jinjirin wata ne, aka kori mai ilimi aka bar mai wayo. Ba don Zurƙe ba, da ba mu san iyakar wayon Alhaji ba, da kuma ba mu gane cewa shi ma ba waliyyi ba ne. Haka suka yi ta ramuwa, yau wannan ya kayar, gobe wancan, har suka koma abokai.

Ganin gwanintarsa ya sa aka ɗauko shi zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. A nan ma ya sake auna mutum biyu. Ga Waziri, mai babbar riga da muƙami, amma yana ƙulla wa ubangijinsa Sarki Abdurrahman makirci. Ga kuma aku, tsuntsu cikin keji, wanda ya tsare Musa ɗan sarki da labaru har uban ya komo daga yaƙi. Cin amanar Waziri ce ta sa riƙon amanar aku ya yi kwarjini, har aka naɗa tsuntsu waziri. Wannan dabara ce muke gani a fina-finai, na Indiya da na gida, inda ake ba jarumi aboki matsoraci ko ɗan'uwa mai kwaɗayi don mai kallo ya auna su.

Imam bai tsaya ga ƙagaggun labaru ba. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa na farko, ya kuma yi fiye da shekara 10 yana wannan aiki. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jarida na Afirka ta Yamma, tare da Dokta Nnamdi Azikiwe. A can ya gana da Lugga, tsohon gwamna, ya bayyana masa damuwar mutanen Arewa. Labarin tafiyar yana cikin littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Bayan haka ya taɓa siyasa, ya kuma yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya rasu a Zariya cikin 1981, yana da shekara 70. Allah ya jiƙansa.

'Yan'uwa, darasi biyu na ɗauka. Na farko ga masu aiko da labaru cikin wannan mujalla: kada mu riƙa ƙago tauraro mara aibi, mu bar shi shi kaɗai yana ta cin nasara. Mu ba shi Zurƙensa. Na biyu kuwa ya shafe mu duka. A aji da ɗakin kwana ana auna kowannenmu da na kusa da shi, ko mun sani ko ba mu sani ba. In aka zo ba da labarin ajinmu nan gaba, wane ne zai zama aku, wane ne Waziri? Kowa ya tambayi kansa tun kafin a tashi daga makaranta.