Mamman Shata: Mawaƙin da Ba a Gama Tattara Waƙoƙinsa Ba

A ƙasashen Turai, idan mawaƙi ya yi suna, kamfanin faifai kan tsamo fitattun waƙoƙinsa ya haɗa su wuri guda domin masu tasowa. Alhaji Mamman Shata, wanda ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa, ya bar duniya ba tare da an yi masa cikakken irin wannan kundi ba.

An haife shi a Musawa, cikin Jihar Katsina ta yanzu, a shekarar 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya shiga waƙa ba, domin a wancan zamani ana ɗaukarta roƙo ne. Shata ya fara da tallar goro da alewa, daga nan waƙar dandali ta ja shi. Ya zauna a Bakori da Funtuwa da Kano, makaɗan kalangu da 'yan amshi na biye da shi duk inda ya nufa.

Ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi da manoma waƙa, ya kuma ƙarfafa gwiwar sojojin tarayya a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ba ya rubuta waƙa, nan take yake ƙirƙira ta a gaban jama'a. Shi ya sa Bakandamiya, wadda ya kwarzanta kansa a cikinta, take da siga fiye da ɗaya: kowane rerawa da irin baitocinsa.

Dandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, gwamnatin tarayya kuma ta ba shi lambar MON. Ya rasu a Kano ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.

A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah. Muryar kanta kuwa tana warwatse: wasu waƙoƙin a faifan garmaho na kamfanin EMI, wasu a ma'ajiyar Rediyon Najeriya Kaduna, wasu a tsofaffin kaset. Har yau ana jin sa a tashoshin mota daga Jalingo zuwa Sakkwato, amma abin da ke yawo a wayoyi ba ya ɗauke da kwanan wata ko sunan wurin da aka rera shi. Zaren kaset yana lalacewa, waɗanda suka san asalin kowace waƙa kuma suna ƙarewa. Wani kaso na wannan taska yana hannun hukumomin tarayya, kuma a kansu nauyin adana shi ya rataya. Allah Ya jiƙan Shata.