Friedrich Froebel, Mutumin Da Ya Mai Da Wasa Makaranta

A ranar 7 ga watan Agusta 1851 Gwamnatin Purusiya, wadda a lokacin tana cikin mafiya ƙarfi a ƙasashen Jamusawa, ta ba da umurni a rufe wasu makarantu inda ba a yin kome sai saƙar takarda, da ginin katako, da waƙa, da noman lambu. 'Yan makarantar ba su kai shekara bakwai ba. Wanda ya ƙago su, Friedrich Froebel, ya kusa shekara saba'in a lokacin.

An haifi Froebel ranar 21 ga Afrilu 1782 a ƙauyen Oberweissbach, cikin lardin Thuringia. Yana da wata tara mahaifiyarsa ta rasu. Mahaifinsa kuwa fasto ne, aikin coci ya ɗauke masa hankali, saboda haka yaron ya tashi ba mai kula da shi, sai da ya kai shekara goma kawunsa ya ɗauke shi. Yana da shekara goma sha biyar aka sa shi koyon aikin gandun daji. Daga nan ya shiga Jami'ar Jena a 1799, amma karatun ya yanke, har ma aka tsare shi mako tara saboda bashi.

Koyarwa ta zo masa ne ba zato. A 1805 ya sami aikin malanta a Frankfurt, ya kuma tafi Suwizalan ya zauna wajen shahararren malamin nan Pestalozzi daga 1808 zuwa 1810. Ya yi yaƙin Napoleon a 1813. Bayan yaƙi ya yi shekara biyu a gidan adana ma'adinai na Barlin yana jera duwatsu masu ƙyalli gwargwadon fuskokinsu da kusurwoyinsu. A ganina wannan aikin ne ya shirya shi, domin a nan ya ga yadda siffa ɗaya ke maimaita kanta bisa ƙa'ida, ya ƙudurta cewa yaro zai iya gane wannan ƙa'ida da hannunsa tun kafin ya san baƙi.

A 1837 ya buɗe wurin wasan yara a Bad Blankenburg, sa'an nan a 1840 ya raɗa masa suna Kindergarten, watau lambun yara. Kayan aikin ya kira su kyautai. Na farko ƙwallaye shida ne na ulu, kowanne da launinsa. Na biyu ƙwallon katako, da wani mai siffar ganga, da ɗan gungume mai fuska shida. Na uku gungumen nan ne aka yanka shi takwas. Doka biyu ya kafa wa mai gini da su: ya yi amfani da guntayen duka, kuma kada ya rushe abin da ya gina, sai dai ya matsa guntu ɗaya ɗaya har sabuwar siffa ta fito daga tsohuwa.

Ban da waɗannan akwai sana'o'in hannu, irin su naɗe takarda, da ɗinki a kan kwali, da ginin yumɓu, da haɗa tsinkaye da jiƙaƙƙen wake. Saƙar takarda ta fi jan hankali. Akan tsattsage takarda tsaye, a ba yaro dogayen yanki masu wani launi ya riƙa cusawa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, daga baya biyu sama ɗaya ƙasa. Duk wanda ya taɓa kallon mai saƙar tabarma ya san aikin. In yaro ya yi kuskuren ƙidaya zanen zai karkace, ya gani da idonsa ba sai malama ta tsawata masa ba.

Yara sukan zauna a tebur ɗaya suna aikin, su kuma yi da'ira su yi waƙa da wasannin motsa jiki. A lambun ma kowane yaro yana da 'yar kunyarsa, amma an kewaye su da filin da kowa da kowa ke nomawa tare. Mata Froebel ya horar su zama malamai, abin da mutanen zamaninsa da yawa suka yi wa dariya.

To, me ya jawo hani? Ministan ilmi, Karl von Raumer, ya zargi makarantun da yaɗa gurguzu da rashin addini. Galibin masu tarihi sun yarda an haɗa shi ne da ɗan ɗan'uwansa Karl Froebel, wanda ya yi rubuce-rubucen neman sauyi. Tsohon ya roƙi a bincika littattafansa, ba a saurare shi ba. Ya rasu ranar 21 ga Yuni 1852 a Marienthal, hanin na nan daram.

Almajiransa ne suka fitar da aikin waje. An buɗe lambun yara a Landan a 1851, Margarethe Schurz ta buɗe na farko a Amurka a 1856, a Purusiya kuwa ba a ɗage hanin ba sai 1860. A kan kabarinsa a Schweina an ɗora duwatsu uku bisa juna, gungume a ƙasa, ganga a tsakiya, ƙwallo a sama.