Marvin Gaye da Faifansa na What's Going On

Gabatarwa

Kiɗan sol wani nau'in kiɗa ne da Baƙaƙen fatar Amurka suka samar ta hanyar gauraya salon waƙoƙin coci da na waƙoƙin duniya. Daga cikin mawaƙan da suka yi zarra a wannan fage akwai Marvin Gaye, wanda ya karkatar da akalar kiɗan daga zancen soyayya zuwa ga matsalolin al'umma.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Marvin Gaye a birnin Washinton ranar 2 ga Afrilu, 1939. Mahaifinsa mai wa'azi ne a coci, kuma a nan yaron ya fara rera waƙa. Sai dai uban mutum ne mai tsanani, mai saurin hannu, don haka jituwa ta yi ƙaranci a tsakaninsu tun yana ƙarami. Bayan ɗan gajeren zama a rundunar sojan sama, ya shiga ƙungiyar mawaƙa ta Moonglows. Daga nan ya koma birnin Detroit, inda ya kama aiki da kamfanin Motown na Berry Gordy, da farko a matsayin makaɗin ganga. A 1963 ya auri Anna, yayar mai kamfanin. Sannu a hankali tauraronsa ya haska, musamman a waƙoƙin soyayya da ya yi tare da Tammi Terrell.

Dalilan Sauya Jigo

Abubuwa biyu ne suka girgiza shi. Na farko shi ne rasuwar Tammi Terrell a 1970, tana da shekara 24, sakamakon ƙari a ƙwaƙwalwa. Na biyu kuwa labaran da ƙanensa Frankie ya dawo da su daga yaƙin Biyetnam. Ana cikin haka sai Renaldo Benson, na ƙungiyar Four Tops, ya kawo masa wata waƙa da ya fara tsarawa bayan ya ga 'yan sanda na dukan masu zanga-zanga a Berkeley a 1969. Marvin ya gyara ta, ya rera. Berry Gordy ya ƙi fitar da ita, yana ganin siyasa za ta kashe kasuwa. Shi kuma ya yi tsayin daka cewa ba zai sake rera wa kamfanin komai ba sai an fitar da ita. Da ta fito a Janairun 1971, sai ta samu karɓuwar da ta kashe bakin kowa.

Faifan da Sigoginsa

Cikakken faifan ya fito ranar 21 ga Mayu, 1971, ɗauke da waƙoƙi 9. An gina shi a kan tunanin sojan da ya dawo gida ya tarar da ƙasarsa a hargitse. Jigoginsa sun haɗa da yaƙi, talauci, shan miyagun ƙwayoyi, gurɓatar muhalli, makomar yara da komawa ga Ubangiji. Ta fuskar salo, yawancin waƙoƙin sarƙe suke da juna, wata na shiga cikin wata ba tare da tsayawa ba. Haka kuma an ɗora muryarsa a kan muryarsa, ta yadda mai sauraro zai ji kamar mutum biyu ke amsa wa juna. Abin lura shi ne, duk da zafin jigon, da lallashi yake magana, kamar mai yi wa ɗan'uwansa nasiha.

Ƙarshen Rayuwarsa

Ɗaukaka ba ta kawo masa kwanciyar hankali ba. Mutuwar aure, bashin haraji da shan hodar ibilis sun kai shi zaman Ostend ta ƙasar Beljiyam a 1981. Ya farfaɗo har ya ci lambobin Grammy 2 a 1983. Ranar 1 ga Afrilu, 1984, ana gobe zai cika shekara 45, mahaifinsa ya harbe shi har lahira a gidansu na Los Angeles bayan wata sa-in-sa.

Kammalawa

A 2020 mujallar Rolling Stone ta ɗora wannan faifai a matsayi na ɗaya cikin fayafai 500 da ta ɗauka mafiya inganci. Tarihin Marvin Gaye ya nuna cewa mawaƙi na iya faɗa wa al'ummarsa gaskiya mai ɗaci, kuma a saurare shi, matuƙar ya iya bakinsa.