Alhaji Alhassan Ɗantata: marayan Bebeji da ya zama jigon fataken Afirka ta Yamma

Ranar 17 ga watan Agusta na shekarar 1955 Allah ya yi wa Alhaji Alhassan Ɗantata rasuwa a birnin Kano, yana da shekara kusan 78 a duniya. An yi masa sutura a gidansa da ke unguwar Sarari. A lokacin ana lissafa shi a matsayin attajirin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Sai dai ba iyalansa da manyan 'yan kasuwa kaɗai suka yi wannan rashi ba. Akwai dillalan gyaɗa na ƙauyuka da ke juya jarinsa, da masu sayar da goro, da 'yan dako, da malamai da almajirai, da mutanen da suka sauke farali a Makka da kuɗinsa. Labarin rasuwar ya bi hanyoyin da kayansa ke bi, ya isa zangunan Kumasi da Akra, inda tun yana saurayi aka san shi.

Maraici da sunan Tata

An haife shi a shekarar 1877 a garin Bebeji, kudu da birnin Kano, a cikin zuriyar Agalawa. Agalawa fatake ne da kakanninsu suka gangaro daga arewa, daga wajen ƙasar Buzaye, suka zauna a ƙasar Katsina da ta Kano, suka zama Hausawa, suka kuma shahara da fataucin goro tare da Tokarawa da Kambarin Barebari. Kakansa Baba Talatin daga ƙasar Katsina ya taso ya zauna a Madobi. Mahaifinsa, Madugu Abdullahi, jagoran ayari ne mai zuwa Gwanja. Mahaifiyarsa Amarya ita ma 'yar kasuwa ce mai juya dukiyarta.

Alhassan yana da kimanin shekara 8 mahaifinsa ya rasu. Bayan rasuwar, mahaifiyarsa ta koma Akra, wadda mutanen zango ke kira Ankara, ta ci gaba da kasuwancinta a can. Ta bar 'ya'yanta a Bebeji a hannun wata dattijuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Ita ta rene shi, kuma da sunanta mutane suka riƙa kiransa Ɗan Tata. Sunan da a yau ke rubuce a jikin kamfanoni da manyan gine-gine, sunan matar da ta riƙe marayan da ba ita ta haifa ba ne.

Ya yi karatun allo a Bebeji, ya ɗanɗana rayuwar almajirci, inda yaro ke nema wa kansa abinci da tufa, ya kuma yi wa malaminsa aiki. A nan ya koyi tattali da tara kuɗi kaɗan-kaɗan, halin da bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Yaƙin basasa da hanyar Gwanja

Yana matashi ya bi ayarin fatake zuwa ƙasar da a yau ake kira Gana domin ya ga mahaifiyarsa. Tafiya ce ta watanni a ƙasa, da jakuna da 'yan alaro. Ayari kan ƙetare kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi, kafin ya isa kasuwannin goro. Fatake kan tafi da kanwa da tufafin rini da fatu na Kano, su dawo da goron dazuzzukan Asante. Wannan hanya ce ta haifar da yawancin zangunan Hausawa da ke Benin da Togo da Gana a yau.

Mahaifiyarsa ba ta shagwaɓa shi ba don tana da hali. Ta haɗa shi da malami ya ci gaba da karatu, ya kuma nemi na kansa. Da ya koma gida sai ya tarar da wata jarrabawar. A shekarar 1893, bayan rasuwar Sarkin Kano Muhammadu Bello, yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin magoya bayan Sarki Tukur da Yusufawa. Yaƙin ya shafi Bebeji, aka kama Alhassan da wasu 'yan uwansa, sai daga baya suka samu kansu. Wanda ya ga maraici, ya ga bara, ya kuma ga kamu tun bai kai shekara 20 ba, ya san abin da ake nufi da rashin mai tallafi.

Goro a jirgin ruwa

A wannan zamani kasuwar goro tana canza fuska. Salaga, wadda ta daɗe tana zaman babbar mahaɗar fatake, ta soma ja baya tun bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, sannan yaƙin cikin gida na 1892 ya watsa mutanenta. Hausawan garin suka bazu zuwa Karachi da Kumasi da garuruwan bakin teku. Turawa suka ci Kano a 1903, hanyoyi suka buɗe ta kudu.

Alhassan na cikin waɗanda suka fara gane inda iska ta juya. A farkon ƙarni na 20 ya riƙa sayen goro a Kumasi da kewaye, ya kai shi bakin teku, ya loda a jirgin ruwa daga Akra ko Sekondi zuwa Legas. Goro kaya ne mai saurin lalacewa, sai an naɗe shi a ganye, ana buɗewa ana yayyafa masa ruwa ana tsince wanda ya ɓaci. Duk ranar da aka rage a hanya riba ce. Abin da ayari ke yi sau ɗaya a shekara, shi ya riƙa maimaita shi sau da yawa. Ya haɗa da fataucin duwatsun wuya da yadudduka na ƙasashen Turai. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, sai ya zamana yana da wakilai a kowace gaɓa ta hanyar, tun daga dajin goro har kasuwar Kurmi.

Gyaɗa da dala

Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa layin dogo ne da fatan samun auduga, amma manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, don ta fi kuɗi, kuma ana iya cin ta idan shekara ta yi wuya. Kamfanonin Turai suna da kuɗi da jiragen ruwa, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su kuma san wanda za a ba amana ba. Dole suka nemi fataken goro. A 1918 kamfanin Niger Company ya ɗauki Alhassan a matsayin mai saya masa gyaɗa, kuma ya ci gaba da wannan hulɗa bayan kamfanin ya narke cikin UAC a 1929. Kafin tsakiyar shekarun 1920 ya riga ya zama attajiri na ɗaya a Kano.

Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne na shekarar 1929, lokacin da bankin Turawan Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, inda aka ce ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. Ana kuma danganta masa fara jera buhunan gyaɗa a siffar dala. Dalilin jerin shi ne jirgin ƙasa ba ya iya kwashe amfanin shekara a kan lokaci, sai a tara buhu dubu-dubai a fili a rufe da tamfol, har dala ɗaya kan kai buhu 15,000. Hoton waɗannan daloli ya zama tambarin Kano a idon duniya.

Wannan kasuwa ba ta tsaya a kan iyakar da Ingila da Faransa suka shata ba. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram da Magarya ta daɗe tana bi ta tashar jirgin Kano zuwa teku, har zuwa shekarun 1950 da Faransawa suka karkatar da wani kaso nata ta Paraku da Kwatano. Don haka tsarin bashi da dillanci da ya bunƙasa a Kano bai zama baƙo ga alhazan birnin Maraɗi ba.

Kyauta ta jari

Ana yawan ambaton Alhaji Alhassan da kyauta, kuma da gaskiya. Ya je aikin hajji ta jirgin ruwa a farkon shekarun 1920, lokacin da yawancin maniyyata daga ƙasar Hausa ke tafiya a ƙasa ta Cadi da Sudan, suna shafe shekaru a hanya, wasu ma su zauna can har abada. Bayan ya dawo ya riƙa biya wa wasu su ma su je. Da babbar sallah yakan sa a yanka shanu a raba wa mabuƙata. Gidansa bai rabu da baƙi da malamai da masu neman taimako ba.

Amma alherinsa mafi nisan zango shi ne na jari. Kafin kaka yakan raba kuɗi ga wakilansa, su kuma su raba wa ƙananan dillalai a kasuwannin ƙauye. Ba jingina ake nema ba, hali ake dubawa: wane ne ubanka, wa ya tsaya maka, yaya ka yi da abin da aka ba ka bara. Yaron gida da ya riƙe amana, baɗi a ƙara masa, wata rana ya tsaya da ƙafarsa ya zama mai gidan wasu. A zamanin da bankunan Turawa ba sa ba baƙar fata rance sai da ƙyar, wannan ita ce ƙofar da talaka ke shiga kasuwa. Gidaje da yawa na 'yan kasuwar Kano daga wannan ƙofa suka fito.

Shi kansa bai yi rayuwar almubazzaranci ba. An san shi da sauƙin kai a tufa da abinci, da tsananin kula da lissafi. Mai ba da kyautar kujerar Makka ne, amma ba ya wasa da sisin da ya ɓace a littafin ciniki. A wurinsa tattali ne ke ciyar da kyauta.

Wannan ba ya nufin cinikin gyaɗa na wancan zamani ya yi wa kowa adalci. Kamfanonin Turai, daga baya kuma hukumar sayen amfanin gona da aka kafa a ƙarshen shekarun 1940, su ke yanke farashi. Manomi na noma gyaɗa ne a wani ɓangare don ya biya haraji da kuɗin Bature, kuma wanda ya ci bashi kafin kaka ba shi da bakin ciniki. Shi ma Alhaji Alhassan, duk da ƙarfinsa, ya daɗe yana saya wa Turawa kafin a farkon shekarun 1950 ya samu lasisin saye da sunan kansa. Abin da ya bambanta shi da kamfanonin shi ne ribarsa a gida take zama, ana juya ta a hannun mutanen da yake haɗuwa da su a masallaci da wurin jana'iza.

Wasiyya da abin da ya bari

Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa da manyan ma'aikatansa ya yi musu wasiyya da su zauna lafiya da juna, su riƙe zumunci, kada su bari kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya wargaje. Ya san yadda rabon gado ke tarwatsa dukiyar attajirai a ƙasar Hausa, har jikoki su tashi ba su san komai ba sai labari.

'Ya'yan sun ɗauki hanyoyi daban-daban. Ahmadu ya jagoranci kamfanin har rasuwarsa a 1960. Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya yi fice a cinikin gyaɗa da sufuri. Mahmudu na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940, wadda sunanta WAPA ya zama sunan kasuwar canjin kuɗi ta Fagge. Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya faɗaɗa harkar zuwa gine-gine da masana'antu, ya kuma ba asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano cibiyar wankin ƙoda da ke ɗauke da sunan mahaifinsa. Alhaji Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen mahaifiyarsa, Hajiya Mariya, 'yar Sanusi, kuma shi ma da rancen jari daga kawunsa ya fara kasuwanci.

Dalar gyaɗa kuwa ta ɓace tun shekarun 1970, bayan fari da cutar da ta afka wa gyaɗa da kuma komawar hankalin gwamnati kan man fetur. Filayen da aka jera buhuna sun zama gidaje da shaguna. Abin da bai ɓace ba shi ne al'adar da ya ƙarfafa, ta mai gida ya ɗauki yaro ya koya masa ciniki, ya ba shi jari, ya sake shi. Har yau da ita ake juya kaya a Kantin Kwari da Dawanau, da kasuwannin Maraɗi da Garwa, da zangunan Kumasi da Akra, tsakanin mutanen da ba su taɓa cika takardar neman rance a banki ba. Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Tata ta riƙe maraya ɗaya a Bebeji, marayan kuma ya riƙe dubbai.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa.