Buhari na Haɗejiya: Sarkin da Ba Ya Ja da Baya

Ni ɗan Jahun ne, kuma a gidanmu ba da yabo na fara jin sunan Buhari ba. A zamaninsa mu ƙasar Kano ce, kuma gabashin Kano ya sha hare-harensa. Sai da karatu ya kai ni Haɗejiya na tarar can gwarzo ne. To, wanne za a ɗauka? Ni dai na ga hali ɗaya ne, kowa da gefen da ya taɓa shi.

Buhari ɗan Sarki Sambo ne. Ya hau gadon Haɗejiya a 1848, bai daɗe ba ya sa aka kashe Sarkin Auyo, ɗan'uwansa, don yana ganin abokin takara ne. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi a 1850, aka naɗa Ahmadu, shi ma ɗan Sambo. Wani da ya haƙura. Buhari kuwa ya fita ya tara mayaƙa, a 1851 ya dawo ya ƙwace garin, Ahmadu ya rasa ransa.

Nan fa Sakkwato ta tara masa rundunar masarautu, Galadiman Kano Abdullahi na cikin manyanta. A lissafi, wanda aka fi yawa bayan ganuwa yake fakewa. Shi bai jira a kewaye shi ba, ya fito ya far musu ba zato a Kaffur, suka watse. Har yau Haɗejawa na tuna Gamon Kaffur.

Abin da ke ba ni tunani shi ne abin da wannan nasara ta koya masa. Kun san direban da ya taɓa tsallake gangancin wuce mota a kwana, gobe ma zai sake, don a ganinsa gwaninta ce. Haka nake kallon Buhari. Duk kasadar da ya yi ta biya shi, to wa zai ce masa dakata? Wanda ya kawar da 'yan'uwansa biyu, ai bafade sai ya auna wuyansa kafin ya ba shi shawara.

A 1863 ya ɗaura yaƙi kan Bade, ya tunkari Gorgoram, birninsu mai ganuwa. Wannan karon shi ne a waje, masu baka suna ciki. Can ajalinsa ya same shi.