Tarihin Walther Flemming, likitan da rini ya nuna wa yadda ɗa ke girma a ciki

Duk mai sayar da atamfa a kasuwar Dogon Dutsi ko Tibiri ta san rinin zamani. To irin wannan rini ne ya taimaka aka gano yadda ƙwaya ɗaya tak ke zama jariri.

An haifi Walther Flemming a ƙasar Jamus a 1843. Ya gama karatun likita a Rostock a 1868, ya yi aikin likitan soja a yaƙin Jamus da Faransa na 1870. A 1876 ya zama farfesa a jami'ar Kiel.

A can ne ya riƙa rina fatar 'ya'yan wata dabbar ruwa mai kama da ƙadangare, yana dubawa da madubin likita. Sai ya ga wasu zarurruka cikin ƙwayar halitta suna tsagewa gida biyu, rabi ya yi nan, rabi ya yi can, kafin ƙwayar ta rabu. Ya bayyana haka a littafinsa na 1882.

Bayan rasuwarsa aka tabbatar cewa zarurrukan nan ke ɗauke da DNA, wato gadon kamanni daga uwa da uba. Kafin kowace rabuwa, dole ƙwaya ta kwafi DNA ɗinta sau ɗaya, a raba daidai. Kusan rabin ɓarin da ake yi a watanni ukun farko na ciki daga kuskuren rabon zarurrukan nan yake, ba daga laifin mace ba.

Flemming ya rasu a Kiel a 1905, yana da shekara 62.