LIKITAN DA YA GANO JIKI NA RUSHE KANSA YANA SAKE GINAWA

A da masana sun ɗauka jikin baligi tamkar mota yake: abinci shi ne mai, a ƙone shi a sami ƙarfi, sassan jiki kuwa suna nan daram sai ɗan abin da ya lalace. Wanda ya rushe wannan zato shi ne Dokta Rudolf Schoenheimer.

An haife shi a birnin Balin na ƙasar Jamus cikin 1898. Ya yi karatun likita, sa'an nan ya duƙufa kan binciken kitsen jiki a Jami'ar Freiburg. Da Hitila ya hau mulki cikin 1933, aka kori Yahudawa daga aikin gwamnati. Schoenheimer Bayahude ne, saboda haka ya koma Jami'ar Kolambiya a birnin Niyok na Amurka.

To, a can ya yi gamo da katar. Wani malamin jami'ar, Harold Urey, ya riga ya gano wani irin haidirojin mai nauyi. Jiki ba ya bambanta shi da na kullum, amma na'ura tana iya bambantawa. Sai Schoenheimer da abokin aikinsa David Rittenberg suka yi dabarar makiyaya, watau yi wa dabba shaida don a gane ta cikin garke. Suka sa wannan haidirojin cikin mai, suka ba ɓeraye, suka bi sawunsa. Sakamakon da suka buga cikin 1935 ya ba kowa mamaki: ko da abincin ɓera bai ishe shi ba, kaso mai yawa na man nan sai ya shiga rumbun kitsen jiki, ana kuwa ɗibar tsohon kitse ana ƙonewa.

Daga nan suka koma kan furotin, suka yi masa shaida da naitirojin mai nauyi. Nan ma haka abin yake. Hanta, hanji, tsoka, duka ana warware furotin ɗinsu dare da rana, a sake ɗinka sabo da guntayen tsohon. Ashe ɓeran da nauyinsa bai canja ba, cikinsa aikin rusau da gini ba ya tsayawa.

Abin tausayi, mutumin ya daɗe yana fama da ciwon baƙin ciki. Cikin watan Satumba na 1941 ya kashe kansa, yana da shekara 43 kacal. Laccocin da ya shirya zai yi a Jami'ar Harvard aka buga su littafi cikin 1942.

Bai rayu ya ga inda ake wannan rusau ba. Cikin 1955 Christian de Duve na Beljiyam ya gano wasu 'yan jakunkuna cikin ƙwayoyin jiki inda ake narkar da tsofaffin kaya. Yoshinori Ohsumi na Japan kuma ya gano ƙwayoyin gado masu sarrafa kai kayan can, aka ba shi lambar Nobel cikin 2016.